Hannun da Na'urar Ta Riƙa Ƙirgawa

Sallama gare ku masu jinya, da ku da Allah bai kawo muku ba tukuna. Sunana Hajara, a Fagge nake aure shekara ashirin da shida ke nan. Yau wata tara da faɗuwar maigidana, kuma sai yanzu na samu zuciyar zama in rubuta abin da ya faru. Akwai ƙorafi a ciki, akwai godiya, akwai kuma laifin da yake nawa, wanda shi na fi so a karanta da kyau.

Malam tela ne, amma ba mai taka keke ba. Shi mai yanka ne. Duk shaddar da ta shigo shagonsu sai ta bi ta almakashinsa kafin yara su taɓa ta, kuma bai cika awo sau biyu ba. Iyayensa daga Borno suka zo, shi kuwa a nan Fagge aka haife shi. Tun da sojoji suka koma bariki telolin unguwarmu suka samu kaka biyu, ta sallah da ta siyasa. A bara kakar siyasa ce, kowane ɗan takara yana son babbar riga, magoya baya suna son anko. Malam ya ajiye maganin hawan jininsa saboda wai yana yawan tashinsa fitsari alhali aiki ya taru. Na yi magana har na gaji. Ranar wata Alhamis da hantsi almakashi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, maƙwabtan shago suka saka shi a a-daidaita-sahu sai asibiti.

Kwana goma sha biyu muka yi a kwance. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Ƙafa ta fara dawowa tun muna can, magana ma ta dawo da nauyi-nauyi, amma hannun dama ya kwanta a gefensa kamar ba nasa ba. Duk wanda ya zo dubiya fuska yake kallo ya ce an samu sauƙi. Ni da Malam hannun muke kallo, don mun san da shi ake ci a gidan nan.

Da aka sallame mu aka tura mu sashen gashi, inda ake motsa wa majinyaci gaɓoɓi, sau biyu a mako. Wanda bai taɓa bin wannan layi ba kada ya ce ya san haƙuri. Muna idar da asuba za mu fita, in tallafo ƙaton mutum in cusa shi a a-daidaita-sahu, mu je mu ajiye kati, mu zauna a benci har azahar. Ma'aikata biyu ne a kan jama'ar da ta cika baranda. In layi ya zo kanka, minti goma sha biyar za a murza ka a ce sai wani zuwan. Ban ga laifin ma'aikatan ba, ina ganin yadda gumi ke jiƙa musu riga, amma kowane zuwa sai Malam ya wuni a galabaice.

A gida kuma ga Yaya Falmata, babbar yayar Malam, wadda take zuwa daga Rijiyar Lemo kusan kullum da sabon magani a jaka. Yau man shanu, gobe hayaƙi, jibi ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho a kafaɗa. Man shanun na yarda, ƙahon na ce sai dai bayan raina. Mun yi kwana uku ba ma gaisawa sosai a kan wannan.

A mako na uku muka haɗu da Rashidat. Yarinya ce doguwa, ɗaya daga cikin ma'aikatan gashin. Iyayenta Yarbawa ne na Sabon Gari, amma in ta buɗe baki sai ka rantse a cikin ganuwar birni aka haife ta. Ta daɗe tana lanƙwasa yatsun Malam ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Mama, wata ukun farkon nan su ne komai. Abin da hannu ya koya a cikinsu da shi zai zauna. Kuma sau biyu a mako ba zai ishi Baba ba."

Wannan magana ta zauna min. Sai ta janyo wani akwati daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai safar hannu baƙa mai siraran wayoyi a bayan kowane yatsa, da wani ƙaton tabarau mai rufe ido ruf. Ta ce in mutum ya sa tabaraun zai ga tebur da kwando da lemo a gabansa, aikinsa ya riƙa ɗaukar lemon yana jefawa a kwando. Safar kuma za ta riƙa yi masa motsi a kan yatsu, ya ji kamar da gaske ya riƙe abu, ta haka ƙwaƙwalwa za ta tuna da hannun. Ta ce za mu tafi da shi gida, kullum a yi, ita kuma tana ganin sakamako a wayarta, sai mu riƙa zuwa sau ɗaya a wata.

Na ce, "Nawa ne?"

Ta ce, "Kyauta ne, Mama. Gwaji ake yi, mutum kaɗan aka zaɓa."

Nan na fara zargi. A asibitin da ko auduga sai ka saya, a ɗauki abu mai kama da kayan jirgin sama a ba ka kyauta? Kuma da bakinta ta ce gwaji. Ta miƙo takarda shafi huɗu, duk da Turanci, ta yi mana bayani da sauri-sauri don mutane na ta leƙowa ta ƙofa. Ni dai ban ji rabin abin da ta ce ba, hankalina na kan wayoyin nan. Malam kuwa da ya ji an ce hannu zai dawo, ya miƙa babban yatsansa na hagu ya dangwala.

Da Yaya Falmata ta ga akwatin, sai da ta ja da baya.

"Hajara, kin kawo mana ɗan leƙen asiri har ɗaka. Abin da zai gaya wa wata a Sabon Gari abin da ake yi a Fagge, ai kunne gare shi. Kuma wa ya san ko wuta zai ja masa ya ƙarasa hannun?"

Karo na farko ke nan da na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Na naɗe akwatin a tsohon zane, na cusa shi cikin babbar tukunyar suna a sito, na rufe da murfi, don kada ya ji hirarmu. In zan yi masa caji ma sai na ce kowa ya yi shiru a tsakar gida. Yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Maganar jan wutar ce ta hana ni sukuni. Ni kuwa tun muna asibiti na ɗauki wata al'ada: duk abin da zai shiga bakin Malam sai na ɗanɗana, ko kunu ne, ko jiƙon Yaya Falmata. Sai na ce wannan ma haka za a yi. Washegari da safe, bayan na ɗora ruwa, na shiga sito na rufo ƙofa, na yi bisimilla, na zura safar a hannuna na dama, na kifa tabaraun.

Sai da na yi salati da ƙarfi. Buhun gawayi da tukwane duk suka ɓace, ga ni a wani ɗaki fari tas, ga tebur, ga kwando, ga lemo manya-manya. Na ga wani hannu a gabana yana motsi yadda nawa ke yi. Na miƙa a tsorace na taɓa lemo ɗaya, sai na ji zirr a kan yatsuna, har da ɗan nauyi a tafin hannu. Na saki da sauri. A ranar lemo uku kacal na iya jefawa, ina ta kuskure. Amma na daure har abin ya yi ƙara ya tsaya da kansa, don na ce wataƙila sai a ƙarshe yake jan mutum. Da na ga ban mutu ba, na goge safar na kai wa Malam.

Shi kuwa da ƙyar muka zura yatsun. Ya yi ta nishi, gumi na keto masa, yatsa biyu suka ɗan motsa. Ya ture lemo ɗaya ya gangara. Bayan minti uku ya ce in cire masa. Amma ya yi murmushi, ya ce ya ji abu a yatsunsa, karo na farko tun faɗuwarsa.

Haka muka ɗora. Kullum da safe ni a sito, sannan shi a ɗaki. Ban gaya wa kowa ba, balle Rashidat. Ta yaya zan dubi yarinyar da ke ce min Mama in ce mata ina zargin kayanta? Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Bayan mako guda na daina jin tsoron wuta. Na ci gaba da sawa ne don ina jin daɗinsa. Mace tana wanke babban mutum, tana juya shi, tana karɓar 'yan dubiya daga safe har magariba, minti goman nan a cikin farin ɗakin nan su kaɗai ne nawa. Hannuna ya saba. Daga lemo uku na koma bakwai, na koma goma sha biyar.

A mako na biyar Rashidat ta kira, murya cike da murna. Na sa wayar a fili don Malam ya ji.

"Baba, sannu da ƙoƙari! Wallahi kai ne na ɗaya a cikin mutanena. Kullum sai ka ƙara."

Na dubi hannun da ke kan matashi, na dubi wayar. A raina na ce, ga irinta nan, an fara. Ni da nake wanke hannun nan na san bai ƙara komai ba. Sai na yanke cewa yarinyar nan ƙarya take shirgawa don a ce gwajinsu ya yi kyau a ƙara mata girma. Na ce mata mun gode, na kashe waya, na ja tsaki.

Abin da ban sani ba shi ne, na'urar nan in ta ga mutum yana ci gaba sai ta ƙara masa wuya. Lemo ya ƙanƙance ya koma kamar goro, kwandon ya matsa nesa. Ni a sito ina jin daɗi, wasa ya ƙara armashi. Malam kuwa da a da yake iya ture lemo, yanzu ko taɓa abin ba ya iya yi, don haka safar ta daina yi masa motsin nan da yake jira. Zai sa, ya yi ta lalube a iska, ya ce, "Hajara, ba na jin komai." Daga minti uku ya koma ɗaya. Wata rana ya fizge tabaraun da hannun hagu ya jefar a katifa, ya juya fuska bango.

Ranar komawarmu asibiti ta faɗo a makon zaɓe, gari ya ɗaure, kowa yana gida. Aka ɗaga. Da mako ya zagayo Rashidat ta kira ta ce tunda Baba yana tafiya yadda ake so, ko za mu yi haƙuri ta ba wata tsohuwa gurbinmu, wadda tata ta fi tsanani. Na ji daɗin hutun layi, na ce babu komai. Amma na ce mata, "Ni fa ina ganin yatsun kamar dunƙulewa suke yi."

Ta ce, "Gajiya ce, Mama. Ina gani a nan, zagayen farko yana yi da kyau sosai, na biyun ne yake kasawa. Ku bar shi ya riƙa hutawa." Sannan ta ce, "Mama, Baba ne dai da kansa yake sawa ko?"

Wani abu ya ɗarsu a zuciyata a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma haushi ya riga shi. Na ce wato yanzu kuma ni za a mayar maƙaryaciya? Na ce, "To da wa zai sa? Aljanin gidan?" Ta yi dariya ta ba ni haƙuri. Ni kuma na danne abin da ya ɗarsu ɗin, na gaya wa kaina ai abin da yake da wayon nuna wa mutum ɗakin da babu shi, ba zai kasa bambance hannun mace da na namiji ba.

Goro ya koma gyaɗa. Malam ya daina sawa gaba ɗaya, ni kuma ban fasa ba. Yatsunsa suka lanƙwashe cikin tafin hannu, har sai na sa ƙarfi kafin in wanke tsakaninsu. Yaya Falmata ta ce ai dama ta faɗa, safar ce ta shanye masa jijiya. Na yarda da ita. Har na fara shirya maganganun da zan gaya wa Rashidat ranar da za mu mayar mata da kayanta.

Ba mu kai ga zuwa ba, ita ta zo. Ranar wata Asabar da hantsi, mako na goma sha ɗaya, ta yi sallama da leda a hannu. Ta ce ta biyo ta kasuwar Sabon Gari ta sayo lemo na gaske, tana so ta ga Baba ya ɗauka da idonta kafin ta rubuta rahoto. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye lemo ɗaya a kan tabarma.

"Bismilla, Baba."

Malam ya dubi lemon. Kafaɗarsa ta ɗaga, hannun ya biyo a dunƙule, ya bugi lemon da bayan yatsu. Ya sake, haka. Rashidat ta kama hannun tana ƙoƙarin buɗe yatsun, suna komawa. Na ga fuskarta ta canza. Ta ciro waya ta duba, ta dubi hannun, ta sake duba waya.

"Jiya da safe an jefa arba'in da biyu," ta faɗa a hankali. Sai idonta ya kawo ruwa. "Baba, ka yafe min. Na'urar ce ta lalace take ba ni ƙarya, ni kuma na zauna a ofis na yarda da ita ban zo na duba ba. Laifina ne. Yau ɗin nan zan kira a karɓe na sauran mutanen, kada a cuci wani."

Ga ƙofar tsira a buɗe gare ni. Da na yi shiru, da shi ke nan, laifi ya tafi kan na'ura da yarinyar mutane, Yaya Falmata ma da ke zaune a bakin gado ta fara gyaɗa kai. Amma na tuna da sauran mutanen da za a karɓe wa nasu, wataƙila wani yana can yana jin zirr ɗin nan a yatsunsa yana murna. Na tashi na shiga sito, na buɗe tukunya, na dawo da akwatin. A gabansu na zura safar, na kifa tabaraun. Ban ga fuskokinsu ba, sai ƙarar kwando kawai, ƙirin, ƙirin, ƙirin. Sannan na cire.

Na ce, "Ni ce. Tun ranar farko. Tsoro nake kada ya ja masa wuta."

Rashidat ba ta ɗaga murya ba, tarbiyyarta ba ta bar ta ba. Ta ce, "Mama, ai na tambaye ki." Ta maimaita har sau biyu. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A nan zan ajiye ƙorafina, don ina da shi. Ta ce an rubuta a shafi na uku cewa kada kowa ya sa sai majinyaci. Da Turanci, a takardar da aka karanta mana cikin minti biyu ana buga ƙofa. Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa zama a gidan da ake ɗanɗana wa mara lafiya magani ba. Kuma bai kamata a bar mutum mako takwas ba a taɓa hannunsa da hannu ba, komai kyawun abin da waya ta nuna. Rashidat da kanta ta amsa wannan. Godiyata kuma gare ta take, don ba ta yar da mu ba. Ta mayar da na'urar matakin farko, ta sa aka yi wa Malam abin ɗaure yatsu don su miƙe, ta mayar da mu layi sau biyu a mako, wata Asabar ɗin ma takan biyo ta gida. Na ga ta rubuta da Hausa da jan alƙalami a murfin kowane akwati cewa majinyaci kaɗai zai sa.

Amma wata ukun sun wuce. Yau Malam yana tafiya da sanda, yana kai loma bakinsa da cokali a hannun dama, yana miƙa hannu a gaisa. Yatsa uku sun buɗe. Babban yatsa, wanda shi ke shiga kunnen almakashi, bai dawo ba. Na tambayi Rashidat ko da a ce ban yi abin da na yi ba, da ya dawo. Ta ce Allah kaɗai ya sani, wasu ana yin komai daidai kuma ba ya dawowa. Na san tana sassauta min ne.

Na daɗe ban iya tayar da maganar da Malam ba. Sai wata safiya ina shafa masa mai a hannun, na ce, "Malam, ka yafe min. Na cuce ka ba ka sani ba."

Ya ce, "Wa ya ce miki ban sani ba? Sito da ɗakin nan bango ɗaya ne. Kullum ina jin ƙarar kwandon, har ƙirga miki nake yi."

Na saki hannun. Na ce, "To da yarinyar nan take yabonka a waya, me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Tun da na faɗi, kowa sannu yake ce min. Ita kaɗai ce take cewa na yi ƙoƙari. Na san ba ni ba ne, amma ina son ji." Ya share ido da hannun hagu. "Kuma ina jin kina dariya a can ciki, Hajara. Ban so in karɓe miki ba."

Mun yi kuka mu biyu a ranar, babu wanda ya rarrashi wani.

Don haka ku da za a ba wa irin wannan kaya, ko agogo ne, ko safa, ko abin ɗaurawa a ƙirji, in kuna zarginsa ku faɗa wa mai ba ku a fuskarsa, ya sa a jikinsa ku gani. In waya ta ce an samu sauƙi idonku kuma bai gani ba, ku ɗauki majinyacinku ku kai shi, ko da za a ce kun cika naci. Ni na zargi na'ura, na zargi yarinyar da ta taimake mu, na zargi asibiti, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

Malam ya koma shago wata biyu da suka wuce. Yana zama a kan kujera kusa da teburin yanka, ya zana da alli a hannun hagu, wani ya bi zanen da almakashi. Jiya ya dawo ya ce min an yanka wata shadda an kauce wa layinsa da kusan rabin yatsa. Ya gani tun kafin a kai wurin, ya miƙa hannu zai karɓi almakashin, sai ya tuna, ya mayar da hannun cikin aljihu.